Kukan Injin Ban Ruwa a Fadamar Baturiya

Mai zuwa Baturiya da rani ta Haɗeja zai bi. In kuma yana son ya gane abin da zai tarar a can, gara ya fara ratsawa ta layin masu sayar da kayan inji kafin ya nemi abin hawa. An fi sanin Haɗeja da kifi, ƙamshin banda ne ma ke fara tarar baƙo, amma da zarar ruwan damina ya ja baya akwai cinikin da ke gogayya da na kifin, wato na injin ban ruwa da tarkacensa. A ƙofar shaguna an jera injuna cikin kejinsu na ƙarfe, masu bakin inci biyu da masu inci uku, ga mesa an nannaɗe, ga galan-galan na baƙin mai. Masu saye ba sa zama. Yawancinsu da busasshen taɓo a ƙafa, alamar daga gona suke, kuma can za su koma.

Na tsaya a wani ɗan shago na tambayi kuɗi. A lokacin, sabon inji ɗan Chaina mai inci uku ya haura naira dubu ɗari. Honda na asali, in an dace da shi, sai an ninka wannan sau uku ko fiye. Sabon kafireto yana tsakanin dubu shida da dubu takwas, gwargwadon ingancinsa da iya cinikin mai saye. Can a jikin ƙusa kuma ga wasu 'yan ledoji a rataye, kowace da abu uku a ciki: 'yar sandar waya mai lanƙwasa a baki biyu, sifirin mai ɗan kauri, da wani siriri wanda sai an ɗaga shi sama ake ganin naɗinsa. Duka ukun naira ɗari biyar.

"Wannan ai ba ma sa shi a lissafin ciniki, Malam," in ji mai shagon. "Amma ranar da ya yanke a kasuwa, za ka ga mutum ya baro shinkafarsa da ƙishi yana bin shaguna ɗaya bayan ɗaya."

Abin da ke cikin ledar nan na tafi gani a bakin aikinsa.

Baturiya tana gabas da Haɗeja, a ƙaramar hukumar Kirikasamma, kuma babur ne abin hawan da ba ya sa mutum jira. Tafiyar ba ta da nisa. Da farko ƙasa ce fara fat, gonakin gero da aka girbe, karare a tsaye, goruba jefi-jefi. Can sai ƙasa ta gangara ta yi duhu, kore ya cika ido. Baburan da muke cin karo da su kusan kowanne da kayansa. Wannan ya ɗaure inji a baya, wancan ya rataya mesa a kafaɗa, wani kuma jarkoki biyu hagu da dama. Na lura duk inda muka shiga rairayi, ko shanu suka tare hanya, ɗan acaɓan da ya ɗauko ni ba ya murɗa totur baya. Sakinsa kawai yake yi, hannun ya koma da kansa, kukan babur ya sauka. Na tambaye shi me ke mayar da shi. Ya ce sifirin ne a saman kafireto, yana danne da wani ɗan ƙarfe mai hawa da sauka. In ka murɗa, waya ta ja ƙarfen sama, in ka saki, sifirin ya tura shi ƙasa ya toshe hanyar iska. Akwai ranar da ƙura ta cushe masa wayar totur, ya saki hannu babur ya ƙi sauka, sai a shingen ƙaya suka tsaya shi da buhun albasa. Tun daga ranar ba ya barin gida sai ya murɗa ya saki ya ji ƙarar komawarsa.

Da hantsi garin Baturiya ba kowa sai dattawa a inuwar masallaci, da yara 'yan talla, da mai shayi yana wanke kofuna. Daga wani zaure ana jiyo injin markaɗe. Majiya ƙarfi duk suna fadama ko bakin ruwa. Fetur a kwalabe da galan na ga ana sayarwa a gefen hanya, kuma farashin da aka faɗa mini ya ɗara na gidan mai a Haɗeja da abin da zai biya wahalar ɗauko shi. A nan ba sai an tuna wa kowa ranar 29 ga Mayu, 2023 ba, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Kafin ranar, lita ba ta kai naira ɗari biyu a farashin gwamnati ba; zuwa ƙarshen 2024 ta haura dubu. Hirar noman rani ko ta ina aka faro ta, nan take ɓullewa.

Wanda ya taɓa jin sunan Baturiya daga wajen Jigawa, galibi saboda tsuntsaye ya ji shi. Dajin da ke kewaye da garin keɓaɓɓen gandu ne, yanki daga dausayin Haɗeja da Nguru. A 2008 aka sa shi cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, da faɗin hekta dubu ɗari da ɗoriya, a 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince da dausayin Haɗeja cikin sababbin gandun daji goma na ƙasa. Duk da haka, in ka tsaya a bakin gari ka kasa kunne, ba kukan tsuntsu za ka fara ji ba. Injuna ne, na kusa da na nesa, kowanne da muryarsa.

Bakaniken da aka nuna mini ba shi da shago. Inuwar dalbejiya ce, da benci, da tsohon buhu a shimfiɗe, da akwatin sifanoni. Injuna bakwai na ƙirga a gabansa, wasu ba tanki wasu ba kafireto, masu su kuma suna kan benci suna jiran layi, kowa na ganin nasa ya fi gaggawa. Yara uku ke koyon aiki a hannunsa. Wankin kafireto naira dubu ne, in ji shi, wanda ba shi da ita a hannu kuma sai an sayar da tattasai. Kusan duk injunan a ciki abu ɗaya ne, ko da sunan da ke jikin tanki ya bambanta. Zubin Honda GX160 ne, mai silinda ɗaya, wanda masana'antun Chaina suka kwaikwaya har kayan wannan ke shiga jikin wancan. Shi ya sa leda ɗaya ta ishi kowa.

Da na ce sifirin na zo gani, ya dube ni ya yi dariya, sannan ya juya wajen babban yaronsa. "Kai, cire tankin wancan ka nuna wa Malam."

"To, Oga."

Kafin yaron ya gama, ya miƙo mini wani kafireto da aka kwance, ya ce in leƙa maƙogwaronsa. Faifai biyu ne a ciki, kowanne kamar kwabo, an ɗaure shi a kan 'yar sanda yana juyawa. Na bakin gaba shi ne cok, wanda ake rufewa in za a tayar da inji da sanyin safiya, kuma inda aka ajiye shi nan yake zama. Na baya shi ne totur. In ya tsaya a gicciye ya toshe hanya, iska da mai ba sa wucewa sai ɗan abin da zai hana inji mutuwa; in ya juya ya ba da gefensa, hanya ta buɗe. Juyawarsa ba ta wuce kwatan zagaye ba, amma ƙarfin da inji zai ba da, da man da zai sha, duk a cikin wannan kwatan ake yanke su.

Da tanki ya tashi sai abubuwan ledar nan suka bayyana, kowanne a gurbinsa. A saman sandar faifan akwai ɗan kunne mai huda. 'Yar sandar wayar ta maƙale a nan, siririn sifirin ma ya maƙale a gefenta, su biyun suka miƙe tare zuwa wani dogon hannu na ƙarfe wanda gindinsa ke kan wata sanda da ta fito daga cikin inji. Daga jikin hannun kuma sifirin mai kaurin ya tafi ya kama libar da manomi ke turawa in yana son ƙara wuta.

"Taɓa ka ji," in ji bakaniken.

Na tura hannun da yatsa, faifan ya rufe. Na saki, ya koma ya wangale. Na ce masa ai na babur rufewa yake yi in an sake shi.

"Babur ai da mutum a kansa, Malam. Wannan kuwa ka tayar da shi ka tafi gyaran fangali, wa zai riƙe masa totur? Shi sifirin kullum buɗewa yake so. Gwamna ne daga ciki yake hana shi."

Gwamnan ƙaramin giya ne na roba, can ciki inda baƙin mai yake, da wasu 'yan ƙarafa masu nauyi a jikinsa. In inji ya ɗauki gudu sai su baje, su tura hannun nan, faifai ya nufi rufewa. In aiki ya yi wa inji nauyi gudu ya ragu, sai su tsuke, sifirin ya ja, faifai ya buɗe. Inda ƙarfin biyun ya zo daidai, nan inji ke zama ya riƙe murya ɗaya. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne libar manomi ba ita ke juya faifan ba. Ɗauri kawai take ƙara wa sifirin, ta yadda sai inji ya ƙara gudu kafin gwamna ya iya rinjayarsa. An ƙera irin wannan inji ya yi aiki a zagaye 3,600 a minti, kuma kauri da tsawon sifirin ɗin an auna su ne da wannan lissafi.

Siririn kuwa ba ya jan komai mai nauyi. Hudojin da sandar wayar ke shiga suna cinyewa da aiki, sai a samu wasa tsakanin hannu da faifai; gwamna ya motsa, faifai bai ji ba sai daga baya. Aikin siririn shi ne ya kashe wasan. Shi ne kuma ke fara ɓata. In ana wankin kafireto ya faɗi a rairayi, ba kowa ke tsayawa nemansa ba, don inji zai tashi ko ba shi. Sai bayan an kai gona a ji yana hawa yana sauka.

Dabarar ta tsufa. Tun a 1788 James Watt ya ɗaura wa injinsa na tururi gwamna a Ingila, ƙwallayen ƙarfe biyu masu juyawa, waɗanda in gudu ya yi yawa suke bajewa su rage buɗin bawul. A mota kuwa lissafin babur ne ke aiki. Sifirin na naɗe a kan sandar faifan, da zarar ƙafa ta bar totur ya mayar da shi rufe, kuma tun 1973 dokar Amurka ta wajabta a sa abu biyu masu mayar da shi, don in ɗaya ya tsinke ɗayan ya riƙe. Motocin yanzu, waɗanda kwamfuta ke juya faifansu da ɗan injin lantarki, sun zaɓi wuri na uku. In lantarkin ya yanke, sifirin yakan tsayar da faifan a ɗan buɗe kaɗan, yadda mota ba za ta mutu a tsakiyar titi ba, ba kuma za ta ƙwace ba, sai dai ta lallaɓa zuwa gefe. Kowane maƙeri dai sai ya yanke inda bawul zai koma in hannu ya ɗauke daga kansa, kuma abin da ya fi tsoro shi ke yanke masa.

Na tambayi bakaniken wanne ya fi muni a nasu injin, tsinkewar sifirin ko karyewar gwamna.

"In sifirin ya tsinke, inji ya yi laƙwas, ruwa ya ƙi hawa. Asarar yini ce. In gwamna ya karye kuwa, sifirin ya samu yadda yake so. In ba ka kusa ka kashe, asarar inji ce."

Muna cikin haka layi ya zo kan wani matashi. Aka ja igiya injinsa ya tashi, yana ɗaga murya yana saukewa, ana ganin dogon hannun yana kai da komo. Matashin ya riga ya sayo leda daga Haɗeja, ya ce a canza masa sifirin. Bakaniken bai ce komai ba, ya kai yatsa ya rufe cok rabi. Nan take kukan ya daidaita. Ya buɗe, ya koma hawa da sauka. "Mayar da ledarka aljihu," ya ce masa. "Datti ne ya toshe ƙaramin jet. Mai ba ya isar sa, shi ya sa gwamna ke ta nema." Yaron bakaniken ya kwance kafireton, ya zare silin waya ɗaya daga tsohuwar wayar birki, ya zura a hudar da ido da ƙyar ke gani, ya hura da baki. A ganina laifin datti da yawa sifirin ke ɗauka a garin nan, saboda shi ake gani yana rawa. Man kwalba da ya kwana a buɗe cikin ƙurar hunturu ba ya zuwa shi kaɗai.

Daga nan na gangara fadama a ƙasa. Hanyar 'yar siririya ce a kan kunyar da ta raba gonaki, in ka kauce sai taɓo. Shinkafa ta fi yawa a ɓangaren da na bi, sai alkama, sai fangalin albasa da tattasai da attaruhu. Ba a ganin taro, mutum biyu nan, uku can, amma duk inda ka waiga akwai wani a duƙe. Kowane inji an ɗora shi a bakin ruwa a kan kara ko tsohon buhu, mesa ɗaya ta nutsa, ɗaya ta miƙe zuwa bakin kwalbatin ƙasa. Wasu an yi musu 'yar rumfa da ganye.

Wani dattijo na zaune kusa da injinsa yana kallon jikansa yana buɗe wa fangali ruwa da fartanya. Na yi sallama na tsuguna.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, ɗana. Daga ina?"

Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya ce shi da jigo ya buɗe ido, sanda da nauyi a gindi da guga a baki, mutum ya wuni yana duƙawa yana miƙewa kan ɗan lambun da bai kai faɗin tsakar gida ba. Zancensa ya yi daidai da tarihin yankin. A shekarun 1980 ne hukumar raya aikin gona ta tsohuwar jihar Kano ta fara yaɗa ƙananan injuna a kan rangwame, lokacin Jigawa ba ta fita ba, sai a 1991. Da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, kuɗinta ya tashi, masu hali suka auka wa fadamar Haɗeja da inji. Shirin Fadama na shekarun 1990, wanda Bankin Duniya ya tallafa, ya ƙara baza injuna da ƙananan rijiyoyin burtsatse. Inji mai inci uku, in ruwa na kusa, yana iya zuba kusan lita dubu a minti ɗaya. Jigo bai yi gardama ba, ya kauce.

Dattijon bai san sunan komai a jikin injin ba, amma kunnensa ya sani. Ya nuna da haɓa wajen wata gona, ya ce wancan mai shi ya taɓa masa wani abu, ji yadda yake ihu. Na ƙarasa na duba. Haka ne kuwa. An datse wa sifirin ɗin naɗi biyu ko uku, an lanƙwasa sabon ƙugiya da filaya. Mai gonar ya ce yana son ya gama da wuri ne, don ƙanensa na jiran injin da la'asar. A wata gonar na ga an maye gurbin sifirin da zaren tsohon tif na babur, wanda in rana ta yi zafi yake saki, sai yaro ya zo ya ƙara masa ƙulli. Mafi ban tsoro shi ne wanda aka ɗaure dogon hannun gaba ɗaya da waya, aka cire gwamna daga maganar.

Ban ga laifin mai sauri ba, inji ɗaya ne ga gida guda. Sai dai lissafin ba ya bayansa. A irin wannan famfo, in ka ƙara gudu da kashi goma cikin ɗari, ruwan da ke fita zai ƙaru da misalin haka, amma ƙarfin da famfon ke nema daga inji zai ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma daga tanki ake biyan sa. Tankin lita uku ne da ɗan ɗori, in an buɗe wuta sosai sa'a biyu da 'yan mintuna ya ƙare. Dattijon, wanda bai taɓa jin wannan lissafi ba, libarsa na ƙasa da rabi. Ya ce ruwan da ya zo a hankali shi ke shiga ƙasa, wanda ya zo da gudu kunya yake karyawa. Jarkarsa, in ji shi, tana kai shi inda ta maƙwabcinsa ba ta kai.

Gaba kaɗan gonaki suka ƙare, daji ya fara, gabaruwa da giyayya da goruba, ƙasa ta tsattsage inda ruwa ya kwanta da damina. Ruwan fadamar nan ba shi ke da ikon kansa ba tun da daɗewa. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, dukansu a jihar Kano, kuma tun daga nan ambaliyar da ke cika dausayin ta sauya lokaci da yawa. Kogin da a da yake ƙafewa da rani ya koma yana gudana duk shekara a wasu rassan, abin da ya yi wa ciyawar kacala daɗi. Na gan ta, ta fi mutum tsawo, ta cushe bakin wani tafki har kwale-kwale ba shi da mashiga sai 'yar kafar da masunta suka sare. Inda ta toshe hanya, ruwa ya kwanta a gonar da ba a son sa, wata gonar kuma ta rasa. A cikinta jan-baki ke kwana, su da manomin shinkafa kuwa ba sai an faɗa ba.

Sauyin ruwan nan ya shafi injin kai tsaye. Ruwan da ke bakin mesa da safe yana iya ja da baya kafin azahar, mai rijiya kuma ya san famfon da ke zaune a bakin ƙasa ba ya tsotso ruwan da ya wuce zurfin mita bakwai zuwa takwas, kome ƙarfinsa. Shi ya sa wasu ke haƙa rami su saukar da injin ciki don ya kusanci ruwa. A gabana bakin wata mesa ya fito fili ya shaƙi iska. Nauyi ya ɗauke wa injin farat ɗaya, muryarsa ta yi sama, kafin mai shi ya ɗago kai daga fangali har ta dawo daidai. Gwamna ya riga ya rufe faifan. Mutumin ya taho bai ko yi gudu ba, ya kashe, ya tura mesa gaba, ya cika famfo da ruwan bokiti, ya ja igiya. Da injin da aka ɗaure wa hannu da waya ne, da sai ya yi gudu.

A bakin tafkin na tarar da masunta huɗu suna gyaran koma, da wani Bafillace yana shayar da shanu nesa kaɗan da su. Tsuntsayen suna nan kamar yadda aka faɗa. Kirinjijiya garke guda a kan ruwa, dinya biyu a tsibirin ciyawa, balbela a bayan shanu, zalɓe a tsaye shi kaɗai, da wasu ƙanana masu dogayen ƙafafu waɗanda wani mai gadin daji ya ce mini daga Turai suke zuwa cin rani. Ya ce ƙarar inji ba ta dame su ba, sun saba. Abin da ke damun sa shi ne gatari, da gonar da ke matsowa cikin daji taku ɗaya kowace shekara. Inji ya sa duk inda mesa za ta kai ya zama gona, kuma wannan ba abin da sifirin zai gyara ba ne.

A hanyar komawa na bi ta wani ɓangaren, na ga abin da tsadar mai ta haifar. Injuna biyu ba mai a tankinsu, tukunyar gas ta girki ce a gefe, da 'yar mesa zuwa wani kafireto na daban da ake sayarwa don haka. An canza abin da inji ke sha, amma faifai da sanda da sifirin biyu suna nan yadda suke. Can kuma ga faranti huɗu na sola a jingine suna kallon rana, famfo na zuba ruwa ba ƙara ba hayaƙi. Wannan ba shi da totur balle gwamna. Mai shi ya ce ruwansa bai kai na inji ƙarfi ba, in hazo ya yi kauri kuma sai haƙuri, ga shi kuɗin sayensa ya ninka na inji, amma tun da ya kafa shi bai sayi lita ɗaya ba. Maƙwabtansa suna zuwa kallo, suna tambayar kuɗi, suna komawa wajen jarkarsu.

Bayan la'asar fadama ta fara watsewa. Ba mai barin inji ya kwana a gona, saboda ɓarayi, sai ka ga ana ɗaure su a bayan babur ko a ɗora a amalanke tare da mesa. A gindin dalbejiyar layi ya ragu, saura mutum biyu. Ɗayansu an kawo masa inji a buhu. Bakaniken ya juya shi ya nuna mini gefensa, ga rami ya isa a zura yatsu uku, konrod ya ɓalle ya faso waje. A jikin dogon hannun har yanzu ga wayar da aka ɗaure shi da ita.

"Nawa zai ci, Oga?" in ji mai shi.

Bakaniken ya lissafa masa gangar jiki, da konrod, da fistan, da gasket, da kuɗin aiki, da na zuwa Haɗeja. Jimlar ta kusa rabin kuɗin sabo. Mutumin ya yi shiru, sannan ya ce a cire masa famfon da tankin, sauran a kira 'yan gwangwan su auna. Kafin a kira su, ƙaramin yaron ya ɗauko filaya ya zare sifirin ɗin biyu da 'yar sandar, ya goge su a rigarsa ya jefa cikin gwangwanin madara inda ake tara irinsu. Na hannu naira ɗari biyu suke sayar da shi.